Yadda Ake Gane Farashin Gaskiya na Murhun Itace na Hannu

Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur darajar naira kuma ta zube, tukunyar gas ta koma bayan ƙofa a gidaje da yawa. Kilo ɗaya ya haura naira dubu, kananzir kuwa ba a ma zancensa. Mata suka koma kan gawayi da itace, su ma ɗin ba su tsaya inda aka san su ba. Shi ya sa murhun ƙarfe mai tsimin itace ya yi kasuwa, sabo da na hannu. Ko dillaliya ta shigo miki da shi niƙi-niƙi, ko ki ga hotonsa a zauren WhatsApp na matan unguwa an rubuta a ƙasa: "Kamar sabo, tashi za a yi."

Nawa na farko ta hannun dillaliya na saya, ana saura kwana huɗu azumi. Baƙi wuluk yake, yana sheƙi, har warin fenti bai gama barinsa ba. Na ɗaga na ji da nauyi, na taya, aka sallama, na biya. A rana ta tara ga azumi ina tsaka da tuƙin tuwon buɗa-baki, ɗaya daga cikin kunnuwan da tukunya take zama a kai ya ɓalle. Tukunya ta karkace, rabin tuwon ya kife cikin wuta, Allah ne kawai ya kiyaye ƙafar 'yata da take tsugune tana miƙo min gari. Washegari na kai wa wani tsohon maƙeri. Ya sa ƙusa ya kankare fentin, sai ga tsatsa tana zubowa kamar garin barkono. Ya ce, "'Yata, wannan ai ya gama aikinsa tun kafin ya zo gidanki. Fenti kika saya."

Tun daga ranar na daina kallon bayan murhu. Abu biyu ne kike biya wa kuɗi in za ki sayi na hannu: sauran kwanan da suka rage wa cikinsa, inda wuta take zama, da itacen da zai riƙa rage miki kullum. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta auna waɗannan biyun kafin kuɗi ya bar hannunki.

Fara da sanin wane iri ne a gabanki

Ba a yi wa kowane murhu kuɗi da ma'auni ɗaya. Akwai na maƙera da masu walda, wanda ake yankowa daga duro ko falankin ƙarfe a naɗe shi, a buɗe masa ƙofa, a yi masa kunnuwa uku. Irinsa ne a Nijar ake kira Mai Sauƙi, wanda aka fara yaɗawa tun shekarun 1980, kuma har yau maƙeran kasuwar Katako ta Yamai suna ƙera ire-irensa. Yana da araha, yana kare wuta daga iska, amma in ƙarfen siriri ne ba ya daɗewa. Akwai wanda ake yi da wilin tsohuwar mota, irin na masu waina da 'yan tuwo-tuwo. Wannan jika ma zai iya gadonsa, sai dai tsiminsa kaɗan ne, don bakinsa a buɗe yake wuta tana fita ta ko'ina. Akwai mai yumɓu a ciki da ƙarfe a waje, wanda yumɓun yake riƙe zafi. Sai na kamfani, wanda ake yi da silba (farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa) ko ƙarfe mai jure wuta, kamar Save80 da ƙungiyar DARE ta Kaduna da atmosfair ta ƙasar Jamus suka yaɗa a Arewa, yanzu kuma ake haɗa shi a Kano. Masu shi sun ce yana rage cin itace har kashi 80 cikin ɗari, daga nan ma ya samo sunansa.

In mai sayarwa ta ce miki "na kamfani ne", nemi suna ko lambar da aka buga a jikinsa. Masu walda sun ƙware wajen kwaikwayon siffa, amma siffa ba ita ce ke girki ba.

Ki samo iyaka biyu: kuɗin sabo da kuɗin gwangwan

Kafin ki buɗe baki ki yi tayi, sai kin san lamba biyu. Ta sama ita ce kuɗin sabon irinsa a yau. A yau na ce, ba ranar da mai shi ta saya ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wannan zamani da farashi ba ya kwana inda ya yini. Mace za ta ce miki dubu goma sha biyu ta saya shekara uku da suka wuce, alhali sabonsa yanzu ya ninka haka. Wata kuma za ta kira miki kuɗin da ko sabo bai kai ba, tana dogaro da cewa ba ki zaga kasuwa ba. Duka biyun maganinsu ɗaya ne: a je a tambayo. In a Kaduna kike, a leƙa kasuwar Panteka. In a Kano ne, wajen masu ƙarfe na Ƙofar Ruwa ko duk wani mai walda da ke ƙera murhu a unguwarku. A tambayi mutum uku, kuma a yi ciniki kamar da gaske za a saya, har a ji inda za a sallama. Kuɗin da aka fara faɗa ba shi ne farashi ba. A tafi da hoton murhun da awon faɗin bakinsa, ko da da zare ne, don kada a kwatanta ƙarami da babba.

Lamba ta ƙasa ita ce abin da mai gwangwan zai bayar in aka ɗora murhun a sikeli a matsayin tsohon ƙarfe. Tsayar da ɗan jari-bola ɗaya a ƙofar gida ki tambaye shi nawa yake sayen kilo, ki ƙiyasta nauyin murhun, kin sami lambar. Babu mai hankalin da zai sayar miki ƙasa da haka, ke ma bai kamata ki nema ba. Farashin gaskiya yana wani wuri tsakanin waɗannan iyakoki biyu, kuma dubawar da za ki yi ce za ta nuna ko ya fi kusa da sama ko da ƙasa.

Dubawa: nan ne ya kamata ki ɓata lokaci

Kada ki duba murhu da almuru, kada kuma ki duba shi a zaure mai duhu. A fito da shi tsakar gida da hantsi. A zazzage tokar da ke ciki tas, a share, don toka tana ɓoye rami. In mai shi ta ce a bar tokar wai tana ƙara riƙe zafi, ki ce to, a kwashe ta a kwano, in an gama a mayar.

Ki kifa shi. Gindin murhu shi ne farkon wurin da yake mutuwa, saboda toka in ta haɗu da ruwa tana cin ƙarfe da sauri, irin yadda ruwan toka yake cin hannu. Matan da suke kashe wuta da ruwa, ko suke barin murhu a waje da damina, ta gindi suke kashe shi ba su sani ba. Ɗaga shi ki saita shi da rana, ki leƙa ta ciki. Duk inda haske ya ɓullo kamar tauraro, rami ne, kuma inda kika ga ɗaya akwai 'yan'uwansa da suke dab da buɗewa.

Sai ki ɗauki cokali ko ɗan makulli ki bi jikinsa kina ƙwanƙwasawa, daga sama har ƙasa. Ƙarfe mai rai yana amsawa da ƙara mai zaƙi. Wanda wuta da tsatsa suka cinye yana amsawa da murya dakusasshiya, kamar an bugi kwali. Inda kika ji haka, sa kan ƙusa ki danna da ɗan ƙarfi. In ya loma, ko ɓawo ya ɓanɓaro kamar na albasa, wurin ya tafi. Tsatsa iri biyu ce kuma ya kamata a bambanta su, don kada a zalunci mai kaya. Akwai ja-ja ta sama wadda in kika goge da soson ƙarfe sai farin ƙarfe ya bayyana. Wannan ba komai ba ce, kowane murhu yana yi. Akwai kuma mai ɓarewa sala-sala, wadda ta riga ta ci rabin kaurin ƙarfen. Ita ce mai kashe farashi.

Yanzu ki zura hannu cikin ɗakin wutar, wato inda itace yake ci. Ki shafa bangonsa. Ya kamata ya kasance a miƙe. In ya kumbura, ya lanƙwashe, ko ya tsage, an daɗe ana gana masa wuta mai yawa, kamar yadda masu abincin sayarwa suke yi daga asuba har dare. Murhun da ya yi wata shida a hannun mai tuwon kasuwa ya fi wanda ya shekara biyu a gidan mutum biyar tsufa. Saboda haka tambayar "yaushe kika saya" ba ta wadatar ba. Ki ƙara da "mutum nawa ake dafa wa" da "sau nawa a rana".

Ragar da itace yake hawa, in murhun mai raga ne, ita ce take fara ƙonewa, kuma ita ce mafi sauƙin sauyawa. Kada ki fasa saye don raga ta lalace. Ki dai tambayi mai walda kuɗin sabuwa ki ajiye lambar a ranki. Amma ki tabbata ana iya ciro ta. In an like ta da walda a jikin murhun, gyaranta sai an farke abin gaba ɗaya.

Kunnuwa da ƙafafu kuwa, kin ji abin da ya same ni. Kama kowane kunne ki girgiza da ƙarfi. Dubi gindin waldar: in kin ga tsaga siririya kamar gashi, ko an yi ɗori a kan ɗori, a lissafa gyara. Ajiye murhun a daɓen da ba tudu ba kwari, ki dafa shi da hannu biyu ki jijjiga. Bai kamata ya yi rawa ba.

In mai yumɓu ne, kada ƙananan tsagu su firgita ki. Yumɓu yana buɗewa da zafi yana komawa in ya huce, don haka 'yan layuka sirara ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne tsagar da tsinken ashana zai shige, ko gutsuren da yake motsi in kin taɓa, ko wurin da ya riga ya faɗi aka cike da laka. Kafin ki saya, ki binciko ko akwai inda ake sayar da yumɓun shi kaɗai a garinku. In babu, ranar da ya fashe murhun ya zama bokiti. Wasu murhunan kuma bango biyu gare su, da abin hana zafi fita a tsakani. Girgiza shi kusa da kunnenki. In kin ji abu yana zuba, ko kin ga gari yana tsiyaya ta wata kafa, abin da yake riƙe zafin yana ƙarewa.

Sabon fenti a jikin tsohon murhu dalili ne na ƙara bincike. Ba duk mai fenti ce mai ha'inci ba, wata tsafta ce ta sa ta. Ki nemi izini ki kankare ɗan wuri a gindi da kusa da ƙofa. Wadda ba ta ɓoye komai ba za ta hana ki ba.

Game da silba, mutane suna cewa a gwada da maganaɗisu, in ya kama to jabu ne. Wannan magana rabinta ce gaskiya. Akwai nau'in silbar da maganaɗisu ba ya kamawa, akwai kuma nau'in da yake kamawa, kuma dukkansu silba ne. In bai kama ba, alama ce mai kyau. In ya kama, sai ki koma ga idonki: silba in ta sha wuta tana rinewa ta yi ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, amma ba ta ɓarewa sala-sala. Wanda nake roƙon ki guje masa ko nawa aka sallama shi ne murhun da aka yi cikinsa da kwanon rufi. Farin da ke jikin kwano in ya sha wuta yana tashi ya zama hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon kai, kwanon kuma ba ya daɗewa a wuta.

Ki zo da tukunyarki

Wannan ƙaramin abu ne da yake sa mata da yawa nadama. Murhu mai tsimi ana ƙera shi ne a kan girman tukunya. Sirrinsa shi ne zafi ya bi ta ɗan siririn fili tsakanin jikin tukunya da bangon murhu yana lasar ta, maimakon ya watse cikin iska. Filin nan bai kamata ya wuce kaurin ɗan yatsa ba. In tukunyarki ta yi masa ƙanƙanta, zafi zai gudu ta gefe, kin koma gidan jiya. In ta yi masa girma ta toshe bakin, wuta za ta shaƙe, hayaƙi ya turnuƙe ki. Ki aiki yaro ya ɗauko tukunyar da kika fi girki da ita, a ɗora a gani.

Irin su Save80 da tukunyarsu suke zuwa, wadda take nutsewa cikin murhun, da wani akwati mai riƙe zafi da ake saka tukunyar a ciki bayan ta tafasa, shinkafa ko wake su ƙarasa nuna ba wuta. In an kawo miki murhun babu tukunyar, babu murfi, babu akwatin, ba cikakken kaya aka kawo ba, kuma kuɗin kowanne sai ya fita daga farashi. Ki sani kuma irin wannan murhu ƙirare yake ci, itace ƙanana da aka faskara kamar yatsu. In babu mai yi miki wannan faskare a gida, ki yi tunani tun yanzu, don na san gidajen da aka jingine shi saboda haka kawai.

A hura wuta

Ba a sayen akuya ba a ga tafiyarta ba. Ki ce a ba ki murhun ya kwana ɗaya, ko ki je gidan mai shi da itacenki. Ga yadda nake yi.

Ki sami busasshen itace iri ɗaya, ki kasa shi kashi biyu daidai. In da sikeli, ko na mai sayar da kaji ne, a auna kilo biyu-biyu. In babu, a faskara shi tsawo ɗaya kauri ɗaya a ƙirga. Ki zuba ruwa lita biyar a tukunyarki, ki ɗora a murhun da kika saba amfani da shi, ko duwatsu uku ne, ki duba agogon waya. Da ya tafasa sosai, ki rubuta mintunan, ki zare sauran itacen ki kashe shi da ƙasa, ba da ruwa ba, don ruwa zai ƙara masa nauyi. Sai ki bar tukunyar ta huce, ki sake zuba sabon ruwa lita biyar daga randa ɗaya, ki maimaita a kan murhun da ake tallata miki, a wuri ɗaya, da murfi ɗaya. Ki auna abin da ya rage a kowane kashi.

A ce tsohon murhunki ya ci kilo ɗaya da rabi, wannan kuma ya ci kilo ɗaya. Ya rage miki kashi ɗaya cikin uku ke nan. Wannan lambar ta fi duk abin da aka rubuta a kwali ko dillaliya ta rantse a kai, domin da hannunki da itacenki da tukunyarki aka same ta. In kin ga bambancin bai taka kara ya karya ba, ki sake gwadawa sau ɗaya, don sabon murhu yana buƙatar a koyi hannunsa. In an sake haka ne, to ƙarfe ne kawai mai kare iska, a yi masa kuɗin ƙarfe.

Kina gwajin nan kina lura da hayaƙi. Da farko kowane murhu yana hayaƙi, amma bayan minti biyar ya kamata wuta ta kama sosai ya ragu. In yana fita ta wurin da ba ƙofa ba kuma ba baki ba, kin gano ramin da idonki ya tsallake. Hayaƙin nan ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane wajen miliyan uku duk shekara, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙarsa. Murhun da ya rage hayaƙi ya cancanci ƙarin kuɗi ko da tsiminsa daidai yake da na wani. Amma komai kyansa, kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi lokacin hunturu. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji.

Kafin a sauke tukunyar, ɗauki muciya ki zura ki yi kamar kina tuƙa tuwo mai tauri, da ƙarfin da kike sawa da gaske. Murhu da yawa da aka tsara a ƙasashen da ba a tuƙi suna tafasa ruwa da kyau, amma ba sa jure muciyar Bahaushiya.

Lissafin

Lambobin nan misali ne kawai, ki saka na garinku a madadinsu. A ce sabon irinsa ana sallamawa naira 30,000. Maƙerin da kika tambaya ya ce irin wannan kaurin yana kai shekara uku in ana girki sau biyu a rana. Mai shi ta yi shekara ɗaya da shi, dubawarki kuma ta gaskata hakan. Kashi biyu cikin uku na ransa ya rage, wato 20,000. Raga tana son canji, 3,000. Kunne ɗaya yana son walda, 1,000. Saura 16,000. Kuɗin adaidaita sahu, in ke za ki ɗauko, 1,000. Daga nan ni nakan ƙara cire kamar kashi ɗaya cikin goma, saboda na hannu ba shi da wanda za ki koma wa in ya ba da matsala. Kin sauka wajen 13,000 zuwa 14,000. Wannan ita ce lambar da za ki riƙe a ciki.

A taƙaice ga ma'aunin da na saba bi. Wanda cikinsa lafiya lau, kayansa cikakku, daga rabin kuɗin sabo zuwa kashi biyu cikin uku. Wanda yake son gyaran da ba a ɗakin wuta yake ba, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Wanda ɗakin wutarsa ya huje ko ya tsage, kuɗin gwangwan da ɗan abin da ya hau, in ma za a saya. Na silba na gaske da na wilin mota suna iya haura wannan ma'auni, don tsufansu a hankali yake. In kuwa abin da ake nema ya kai kashi uku cikin huɗu na kuɗin sabo, ki haƙura ki cika ki sayi sabon.

Sai ki waiwayi gwajin ruwan nan. In gidanku ana sayen itacen 900 kullum, murhun kuma yana rage kashi ɗaya cikin uku, 300 ke nan a rana, 9,000 a wata. Kafin wata biyu ya biya kansa. Wani murhun da za a ba ki a 7,000 amma ba ya rage ko tsinke, shi ne mai tsadar, don kullum za ki ci gaba da biyan mai itace abin da kika saba. Saboda haka in murhu biyu suna gabanki, kada ƙaramin kuɗi ya ja ki kafin ki kwatanta cinsu.

Wurin ciniki

Tambaya ɗaya tana gaba da tayi: na waye, kuma an gama biyan kuɗinsa? Murhunan kamfani da yawa ta hannun ƙungiyoyi ake raba su a kan rangwame, ko a kan biya kaɗan-kaɗan, kuma lambar da ke jikinsu a rubuce take da sunan wanda ya karɓa, har ma'aikata kan zagayo su duba ko ana amfani da shi. Ki nemi rasit ko katin biya. In babu, a kira mai shi a waya a gabanki, ki ji daga bakinta. Wannan yana kare ki daga kayan da aka ɗauko ba da sanin mai shi ba, wanda ko ba a zo da rigima ba, ba kya son ki ciyar da iyalinki a kansa. Ki tambayi dillaliya tun farko ko la'adarta tana cikin kuɗin da ta faɗa, don kada a gama ciniki a dawo ana "Hajiya, ba ki ba ni nawa ba."

Ki fara tayi ƙasa kaɗan da lambarki, ba ƙasa da yawa ba. In an ce albarka, ki ƙara, kina faɗin dalili: "Iya, kin ga ragar nan, dubu uku aka ce min sabuwa. Ga kunnen nan kuma." Tayin da yake tafe da hujja yana da wuyar turewa, kuma ba ya ɓata zumunci. Abin da ba na so shi ne a kushe kaya da ƙarya don a karya shi. Sau da yawa wadda ta fito da murhunta kuɗin magani take nema ko na makarantar yara. In ta kira kuɗin da ya gaza abin da lissafinki ya nuna nesa ba kusa ba, saboda ba ta san yadda sabo ya tashi ba, ki gaya mata. Kamar yadda ba kya so a rufe miki tsatsa da fenti, haka ita ma ba ta so a rufe mata farashi.

Lokacin saye yana tasiri. A abin da na lura, dab da azumi da jajiberin salla kowa yana neman murhu, masu shi kuma suna riƙewa. In ba gaggawa kike ba, ki bari hidima ta wuce.

In an daidaita, ki nemi sharaɗi ɗaya a gaban shaida: kwana uku kina girki da shi, in wani aibin da ba a faɗa ba ya fito, za ki mayar a ba ki kuɗinki. Dillaliyar da ta san kayanta ba ta jin nauyin amsa wannan. A cikin kwana ukun ki dafa abu mafi nauyi da kika saba, tuwon gidan gaba ɗaya ko dambu, ki bar shi ya huce da kansa, da safe ki kwashe tokar ki sake kifa shi ki saita da rana.